Ranar da Tukunyar Mma Ta Dawo Nima

Da ana mayar da jiya, da ban taɓa tukunyar mahaifiyata ba. Ni na sa aka fitar da ita daga gida, kuma a lokacin gani nake alheri na yi.

Mma kowa ke kiranta a gidan hayarmu na unguwar Nima, a birnin Ankara. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarami, ya bar mata mu biyar da ɗaki ɗaya. Da ta fita takaba, danginsa suka ce ta kwashe mu ta koma arewa. Ta ce ta ji. Washegari ta kafa murhu a bakin hanya ta fara dafa shinkafa da wake, abin da duk Ankara ke kira waakye. Tukunyar babba ce ta ƙarfe. Hannunta ɗaya ya taɓa karyewa, mahaifinmu ya lanƙwasa ƙarfen tsohon keke ya maye mata shi. A cikinta muka ci, muka yi sutura, muka yi aure.

Na girma na zama direban trotro, wato motar haya, Allah ya buɗa mini har na je Makka. Sai abokai a tasha suka fara tsokanata, wai ga Alhaji guda amma tsohuwarsa na shan hayaƙi a titi. Maganar ta shige ni. Ran da ƙanwata ta kai Mma asibiti duba gwiwa, na ɗauki tukunyar na bai wa wata ƙungiyar mata a unguwar Maamobi masu girkin biki da sadaka. Da Mma ta dawo na ce mata hutu ya zo, daga yau ni zan riƙe ta. Ta dubi gurbin tukunyar, ta dube ni, ta shige ɗaki.

Hutun ya kusa kashe ta. Matar da ke tashe mu da faɗa da dariya ta koma zama a ƙofar ɗaki da carbi, abinci sai an lallaɓa. Direbobi da masu dako su zo tambayar waakye, ta juya fuska bango. Ina gani tana ramewa, girman kai ya hana ni gyara ɓarnata.

Ana nan wata ƙawarta ta rasu a Maamobi, 'yata ta raka ta addu'ar bakwai. Suna shiga, Mma ta wuce tabarmar baƙi ta nufi wajen girki. 'Yata ta ba ni labari cewa Mma ta tsaya gaban wata tukunya, ta dafa hannun ƙarfen keken nan, ta ce wa shugabar matan, “Wannan hannun, mijina ne ya sa shi.” Shugabar ta san labarin Mma. Ana gama rabon abinci ta sa aka wanke tukunyar tas, aka kira kayayo, wato yarinya mai dako, aka ɗora mata.

Aka tsayar da tasi, Mma ta ƙi shiga. Ta ce tukunyar a ɓoye ta fita, a fili za ta koma. Ta bi bayan kayayo da sandarta, matan addu'a suka biyo ta. Kafin su tsallake gadar babbar kwata sun zama ayari, masu shaguna na leƙowa, wata na rangaɗa guɗa, yara na ihun waakye ya dawo. Labari ya same ni a tasha, na bar mota na zo da gudu, kunya kamar ƙasa ta tsage. Na same ta tsaye a tsakar gida tana ba da umarni, muryarta ta dawo.

“Yaro, ka zo a daidai,” in ji ta, alhali gemuna ya fara fari. “Gawayi ya ƙare. In Alhaji ba ya ɗaukar buhu, sai ka faɗa mini.”

Na ɗauko buhun a ka, a gaban abokan nan nawa da suka biyo ni daga tasha.

Ta yi shekaru masu yawa bayan haka. Da ƙarfi ya ragu, sai ta zauna a kujera kusa da murhu, 'yata na juyawa, ita tana ɗanɗanawa tana cewa a ƙara kanwa, a cire karan dafi kafin jan ya yi yawa. Da 'yata ta haihu, Mma ta goya tattaɓa-kunnenta na fari ta tsaya a kan girkin suna da kanta. Ta ga na biyu, ta ga na uku, kowanne an ci sunansa daga tukunyar. Sadakar rasuwarta ma a cikinta aka dafa, kuma yau tana bakin hanyar nan, 'yata ce a bayanta.

Ku da Allah ya bar muku tsofaffi, ina roƙonku, kada ku ƙwace musu abin da ke tashe su da safe don tsoron bakin mutane. Ku fara tambayarsu. Ni ban tambaya ba.