Kukun da Aka Hana Soya Barkono

Simhachalam ɗan masunta ne na garin Visakhapatnam da ke bakin teku. A gidansu, in baƙo bai yi atishawa tun daga bakin ƙofa ba, to ba a ɗora tukunya ba. Da ya shiga sojan ruwa sai aka ba shi aikin kuku a jirgin yaƙi na ƙarƙashin teku, mai aiki da nukiliya, wanda aka karɓo haya daga Rasha.

A nutsewarsu ta farko ya watsa busasshen barkono cikin mai mai zafi, yadda uwarsa ta koya masa. Ya manta babu taga. Iskar ciki ita ake tacewa a sake shaƙa, don haka jirgin ya kaure da tari daga goshi har wutsiya.

Kuruvilla, tsohon makanike, ya leƙo kicin hawaye shaɓe-shaɓe. "Kai ɗan masu kifi, wace ƙasa ta turo ka? Faɗa mana tun da sauran numfashinmu!"

Daga ranar aka hana shi suya. Daka ma aka hana, domin ƙarar turmi tana tafiya nesa cikin ruwa, aikin jirgin kuwa shi ne ya bi wasu jirage ba tare da an ji shi ba. Har ludayi sai da ya naɗe da tsumma. Shekara da shekaru yana dafa shinkafa da miyar wake lami, suka laƙaba masa Kukun Asibiti. Yakan yi dariya, amma abin na cin ransa: mutanen da ya fi kusa da su a duniya ba su taɓa ɗanɗana hannunsa na gaskiya ba.

Da wa'adin hayar ya cika, za a mayar wa masu jirgi kayansu, sai ya roƙi kyaftin alfarmar girki ɗaya. Jirgi na ɗaure a tasha, ƙofofin sama a buɗe. Ya kawo turmin matarsa, ya yi miyar kifi da tsamiya, ja wur, har masu gadin tasha suna atishawa.

Aka ci, aka yi gumi, aka yaba. Can Simhachalam ya lura Kuruvilla ya ture kwanonsa.

"Yaya, ta fi ƙarfinka ne?"

"Ta yi daɗi, ɗan nema. Amma irin wannan ko surukata tana yi, kuma ka san ba na kewarta." Ya shafa bangon ƙarfen da ke gefensa. "Babu sauran waken nan naka na marasa lafiya? Daga gobe ba inda zan same shi."

Simhachalam ya miƙe. Ya koma kicin ya ɗora ruwa. Babu mai sauraronsu a tashar, amma sai da ya naɗe ludayin da tsumma.