Ranar da Baba Ya Shiga Kicin

Shekara talatin da huɗu Baba ya yi yana tuƙa motar haya, kuma ko ruwan shayi bai taɓa ɗorawa ba. A gida akwai Inna, a tasha akwai wata mai abinci da suke kira Uwar Direbobi. Shi dai nasa wanke hannu.

Da ɓarin jikin Inna na dama ya shanye, bakinta ya yi nauyi, sai ta daina cin abinci. Ni na dafa, matar yayana ta dafa, duk wanda muka kai mata ɗaki sai ta juya fuska bango. Likita ya ce in aka ƙara mako guda a haka, sai an zura mata roba ta hanci. Ranar na ga tsoro ƙarara a idon Baba.

Bai shawarci kowa ba ya nufi tasha koyon girki.

"Yanzu da furfurarka?" in ji Uwar Direbobi.

"Ke dai nuna min."

Kwana uku yana kan benci yana kallon hannunta. Ta koya masa abin da ta iya, ita kuwa ba ta taɓa girkin ƙasa da mutum hamsin ba. Baba ya dawo ya aro tukunyar maƙwabta, ya auna shinkafa kwano huɗu, gishiri cike da tafin hannu. Layinmu kaf ya ci, har da mai gadin makaranta. Inna ko kallo.

Washegari duk mun fita, babu mai zama da ita, sai ya ɗauko ta da kujerarta ya ajiye a ƙofar kicin. Ya watsa albasa tun mai bai yi zafi ba, sai ya ji ƙwas! Inna ce ta janyo ludayi da hagu ta buga ƙofa. Ya ɗebi gishiri, ƙwas! Ya rage, ƙwas! Ya sake ragewa, shiru. Ashe mu ne muka kasa ganewa: matar da ta shekara arba'in tana tsaye a kan tukunyarta, mu kuma muna kai mata abinci a rufe kamar baƙuwa.

Na dawo na tarar da shi sharkaf da gumi yana mita: "Ko 'yan sandan hanya ba su taɓa tsare ni haka ba."

Ya zuba a faranti, ya durƙusa, ya kai mata cokali. Ta daɗe tana taunawa.

"Ya yi, Malama?"

Ta girgiza kai, bai yi ba. Sannan ta sake buɗe baki.