Kawu Sale Mai Kallon Ƙwallo da Ƙeya

Duk wanda ya zauna a unguwar Karantina ya san Kawu Sale, ƙanen babata, direban motar ruwa. Mutumin da ya tsufa a bakin filin ƙwallo, amma da ƙeya yake kallo! Da zarar yaran unguwarmu sun doshi raga, sai ya juya wa fili baya, ya ƙura wa bango ido. Wai idonsa ne ke korar sa'a.

"Ta shiga?"

"Kawu, juyo mana ka gani!"

"In juyo ta fita? Kai dai ba ni labari."

Burinsa ɗaya ne a duniya: mu ci 'yan unguwar Hindawiyya. Mukan ci kowa, ban da su. Jagoran magoya bayansu kuwa Usta Bashir ne, wani tela Bahaushen Sudan, wanda suka yi furfura suna zagin juna da Kawu.

Ran da wata unguwa ta lallasa Hindawiyya, muna cikin tsalle sai ga Kawu da butar gahawa da dabino, wai yalla mu je jaje. Na ce, "Kawu, abokan gabarmu ne fa!" Ya ce, "Rufe min baki. Mu kaɗai muke da ikon sa su kuka." Ya je shagon Usta ya zauna, fuska a murtuke, har da "Allah ya ba da haƙuri." Usta ya koro shi da almakashi, amma ya riƙe dabinon.

Sai aka zo aka shafa wa gidajenmu jan fenti, za a rushe unguwa. Wasanmu na ƙarshe da Hindawiyya ne. In ba mu ci ranar ba, halas, shi ke nan. Ana kunnen doki, daf da tashi, aka ba mu fenariti. Kawu ya juya baya yadda ya saba, sai kuma na ga yana waiwayowa a hankali.

Ya ce, "Sau ɗaya dai, in gani da idona."

Ƙwallo ta daki ƙarfe ta dawo. Suka kwashe ta, suka je suka zura mana.

Wallahi na yi kuka. Usta ko tafi bai yi ba, ya ratso fili ya zauna kusa da Kawu. Kawu ya daka masa tsawa: "Tashi ka yi murna, ɗan banza! Ni za ka ji wa tausayi? Raini ke nan!" Usta ya miƙe ya yi tsalle ɗaya, yana share ido da hularsa.

Bayan rusau muka koma unguwar Madain Fahd, ƙungiya ta watse. Amma duk Juma'a bayan la'asar sai Kawu ya hau mota zuwa filin Hindawiyya, ya goyi bayan duk wanda ya zo wasa da su, har ciwo ya kwantar da shi.

Da ya rasu, Usta Bashir ne ya shiga kabari ya karɓe shi. Da muka fito ya riƙe hannuna ya ce, "To yanzu in mun ci, wa zai ji haushi?"

Allah ya jiƙan Kawu Sale, ya yafe masa, ya ba shi gidan da ba a rushewa. Amin.