Durowar Ƙasa ta Alƙali Pruitt

Orval Pruitt ya shekara goma sha shida yana alƙalin gundumar Tolliver a gabashin Oklahoma, ba a taɓa jin ya karɓi ko ƙwai ɗaya daga hannun mai ƙara ba. Wannan kam ko maƙiyansa sun shaide shi. Abin da ake faɗa ƙasa-ƙasa shi ne zancen durowar ƙasa ta teburinsa.

Ɗan mai gyaran tarakta ne. Da ya gama karatun lauya ya dawo gida ya buɗe ofis a saman shagon aski, yana rubuta wa manoma wasiyya, yana raba rigimar shinge. A 1994 ya fito takarar alƙali, ya kara da tsoho Harlan Teague, wanda kowa ya ɗauka mutuwa ce kawai za ta raba shi da kujerar. Saura mako biyu zaɓe, Teague ya ɗaure kocin ƙwallon sakandare kwana talatin saboda tuƙi cikin maye. Hukuncin daidai ne, Orval ma ya san daidai ne. Amma yaran suka sha kashi wasa biyu a jere, ranar Talatar zaɓe kuwa gari ya huce haushinsa a kan tsohon.

Wani da sai ya ɗauka cancantarsa ce ta ba shi. Orval ba wawa ba ne, ya san abin da ya ka da Teague. Tun daga nan, duk shekarar zaɓe, da Satumba ta kama, shari'ar da ke da zafi sai ta sauka durowar ƙasa ta kwanta har Larabar bayan zaɓe. Ranar yakan zo ofis da sassafe ya yanke ta bisa gaskiya, ko wa zai ji ciwo. Magatakardar kotu, Loretta Sizemore, firij take kiran durowar. A 1998 ba wanda ya fito ya kara da shi. A 2002 ya kwashe kashi biyu cikin uku na ƙuri'u. A 2006 ma shi kaɗai ya tsaya. Yakan gaya wa kansa bai taɓa zaluntar kowa ba, jinkiri kawai yake yi, kuma abin haushin shi ne ya yarda da hakan har cikin ransa.

A Yulin 2010 gobara ta tashi a wani rumbun ciyawa, rufi ya rufto kan Ronnie Stubbs, ɗan kwana-kwana na sa-kai, mai 'ya'ya uku, wanda ke ba da waƙa a coci. Gari ya ɗau zafi. Aka kama Coy Ledbetter, wani mai saran itace daga cikin duwatsu, don an ga ya yi cacar baki da mai rumbun. Aka hana shi beli. Coy na da ciwon suga tun yana yaro, sau huɗu a rana yake wa kansa allura.

Kafin tsakiyar Satumba shari'ar ta zama fanko. Shaida ɗaya tilo ya janye, ya ce a buge yake ranar. Mai binciken gobara ya rubuto cewa wayar lantarki ce. Orval ya zauna ya buga takardar sakin Coy da hannunsa, ya karanta, ya ga ba gyara. Sai ya ɗaga kai ya hango ta taga allon abokiyar takararsa, Darla Whitlow, tsohuwar mai gabatar da ƙara, an rubuta BA SASSAUCI da jan fenti. Karo na farko cikin shekara takwas ke nan da wani ya ja da shi. Ya ja durowar ƙasa ya sa takardar ba sa hannu.

A Oktoba aka yi gwanjon kek a tashar kwana-kwana, inda mata kan kawo abin da suka gasa, 'yan takara su yi ta taya don a gan su. Hoton Ronnie na rataye da baƙin ƙyalle. Mai gwanjo ya ɗaga wani kek ɗin tuffa, ya duba sunan da ke ƙasan faranti, muryarsa ta yi sanyi. Na Opal Ledbetter ne, uwar Coy. Ba wanda ya ɗaga hannu. Orval ya yi ta kallon takalminsa har aka ajiye farantin gefe.

Ta same shi wajen tukunyar kofi, 'yar tsohuwa a bushe, sanye da rigar sanyin mijinta marigayi.

"Misis Ledbetter, kin san doka ta hana ni magana kan shari'a."

"Na sani, Mai shari'a. Ba ita na zo yi ba. Ƙafarsa ta kumbura, idonsa ya fara dishi-dishi. Allurar sai sun tuna suke ba shi." Ta matso. "An ce min kai mai jiran Laraba ne. Haka ne?"

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya zuba suga a kofinsa yana juyawa. Ta tsaya tana dubansa, can ta gyaɗa kai kamar wadda aka yi wa alkawari, ta ɗauki farantinta ta fita.

Daga ranar tsoro ya shige shi, ba kuma na faɗuwa zaɓe ba. Duk sanda gwiwarsa ta taɓa durowar sai gabansa ya faɗi. Ranar Juma'a ta ƙarshe kafin zaɓe Loretta ta shigo ta rufe ƙofa.

"Orval, nas ɗin kurkuku ta kira sau biyu. Ka buɗe firij ɗin nan, don Allah."

"Kwana biyar ya rage, Loretta."

"Kai ne kake da kwana biyar. Shi wa ya ce maka yana da su?"

"Idan na sake shi yau, Darla ce za ta zauna nan shekara huɗu. Kin san mutum nawa za ta ɗaure?"

"To, waliyyi. Ashe don talakawa kake yi." Ta fita ta bar ƙofar a buɗe.

Ya ci zaɓen da ratar ƙuri'a goma sha tara. Ranar Laraba ƙarfe bakwai ya shiga ofis, ko hula bai cire ba ya ja durowar, ya sa hannu, ya fito da takardar yana neman Loretta. Ba ta kan teburinta. Opal Ledbetter ce zaune kan bencin baranda, ɗan tambarin nan da ake manna wa wanda ya jefa ƙuri'a yana nan a ƙirjin rigarta.

"Misis Ledbetter, albishirinki. Yanzun nan..."

"Mu ashirin da uku muka sauko jiya," in ji ta. Muryarta ba ta ko rawa. "Wasu tun da aka haife su ba su taɓa zaɓe ba. Ƙanena da tukunyar iskar numfashinsa muka ɗauko shi. Sawu biyar na yi a motar Coy. Na ce musu, in Pruitt ya ci, Laraba yaron zai kwana gida."

Orval ya dubi takardar da ke hannunsa.

"Jiya ƙarfe biyun rana ya suma. Daga kurkuku suka yi ta kiran gida, ba kowa, duk muna kan layin zaɓenka. A hanyar asibiti ya cika." Ta miƙo hannu. "Ita ce wannan? Ba ni in gani."

Ya so ya hana ta, don a lokacin ne ya tuna bai canza kwanan watan da ke sama ba. Amma ya miƙa mata. Ta sa tabarau, ta bi layin farko da yatsa, ta tsaya.

"Ashirin ga Satumba," ta ce. Ta shiga lissafi da yatsunta a hankali, leɓunanta na motsi, shi kuwa yana tsaye yana jira kamar yadda mutane suka saba tsayawa a gabansa. "Kwana arba'in da huɗu, Mai shari'a."

Ta ninke takardar gida huɗu, ta sa a aljihu. Ta ɓamɓare tambarin daga ƙirjinta, ta manna masa a kwalar kwat, ta danna da babban yatsa don ya kama sosai.