Dodon da Na Zana a Umdurman

A zamanin soja tsayuwar samari a titi fitina ce, sai muka koma ɗakin abokina muna wasan tatsuniya, kowa ya zana nasa ɗan wasan a takarda. Ni aka ba dodo. Don in ba abokaina Larabawa dariya, na yi masa tsagen Hausawa a kumatu, ƙafafu duk laka irin na masu buga bulo a Aljirif. Ba su san sana'ar babana ke nan ba. Suka yi ta dariya, na taya su.

Baba ya tsinci takardar a aljihuna. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ashe ka iya zana ni." Ya manna ta a bango, yana nuna wa baƙi.