Orestes da Kafiretar Tampa

Ja kujerar nan ka zauna, amma ka bi ta a hankali, ƙafarta ɗaya da waya aka ɗaure ta. Ga kofi. Kada ka raina ƙanƙantar finjalin, mu nan garin Cárdenas na ƙasar Cuba ba ma shan sa da yawa, sai dai da ƙarfi. Ka ga ƙofar gidan can da ke kallonmu, inda ƙasa ta yi baƙi da mai har ciyawa ta ƙi fitowa? Nan Chela take kwana a da. Labarinta zan ba ka, da na mai ita, maƙwabcina Orestes Quiala.

Chela mota ce, Pontiac koriya ƙirar Amurka, ta shekarar hamsin da ɗaya. Mahaifin Orestes, Don Anselmo, shi ya saye ta a hannun wani likita kafin a rufe hanya tsakaninmu da Amurka, ya raɗa mata sunan matarsa, uwar Orestes. Tun da aka rufe hanyar nan kuwa, ko noti ɗaya bai sake shigowa ba. To, mota ba ruwanta da siyasa, taya take ci, birki take ci. Sai mutanenmu suka koyi dabara. Abin da ya lalace a nemo na motar Rasha ko na tarakta, a goge, a huda, a ɗaure, har ya zauna. Da idona na ga tafin takalmi ya toshe yoyon inji. Na ga man birki da aka haɗa da sabulun wanke kai, kuma motar ta tsaya inda aka ce ta tsaya.

A cikin wannan Orestes ya buɗe ido. Kafin ya iya rubuta sunansa ya iya riƙe magagari. Idan ka kawo masa ƙarfe ka ce bai shiga ba, sai ya juya shi a hannu ya ce, "Bai shiga ba tukuna." Da Don Anselmo ya rasu, shi ya gaji sitiyari, yana jigilar mutane tsakanin Cárdenas da Matanzas, mutum shida a ciki, wani lokaci har da buhun rogo a kan cinyar wani. A Chela aka ɗauko amaryarsa Onelia. A kujerar bayanta saura ƙiris a haifi 'yarsu Idalmis, don kekunan doki sun tare hanyar asibiti.

Abin alfaharinsa ɗaya ne: injin Chela nata ne na asali. Duk abokan sana'arsa sun daɗe da ciro nasu sun dasa na dizal, mai hayaƙi da ƙara kamar injin niƙa. Shi ya ƙi. Da safe in ya tayar da ita sai ya kira ni ta kan katanga ya ce, "Maƙwabci, saurara. Ka ji numfashi? Wannan ba tari take yi ba, magana take yi."

Idalmis ta girma ta haye zuwa birnin Tampa a Amurka, tana aikin kula da tsofaffi a can. Ta haifi yara biyu da kakansu bai taɓa ɗauka ba, sai dai ya gan su a fuskar waya suna tsalle. Ta daɗe tana so ta yi wa iyayen takardu su bi ta. Onelia kam tuni zuciyarta ta tafi, gangar jiki ce kawai ta rage a nan. Orestes ne ƙashin bayan ƙi. Duk ranar da aka tayar da zancen sai ya ce, "Muddin Chela na tashi, ina da aiki, ina da gida. Can me zan je yi, gadin taga?"

Sai kafiretar Chela ta mutu, wato abin da ke haɗa wa inji mai da iska.

Ta Rasha ce, tana kan injin tun Orestes yana saurayi, ya dawo daga aikin soja ya tarar da ita. Ya yi mata faci da dalma, ya yi mata da gam, ya yanka gwangwanin madara ya yi mata harshe. Ta kai ba sauran wurin faci. Chela ta zauna a ƙofar gida, ya sa mata duwatsu a ƙarƙashi don kada tayoyi su gaji.

Mu nan idan mota ta gagara, inuwar mangwaron da ke kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa ake zuwa ranar Asabar. Can direbobi da makanikai suke taruwa, ana buga wasan domino ana raba shawara kyauta. Mai bakin wurin shi ne Cheo, abokin Orestes tun na yarinta, wanda ya fi kowa tsokanarsa.

"Kai dai ka cika taurin kai, mutumina," in ji Cheo. "Ka kawo ta in sa mata zuciyar dizal, ta yi ta gudu har ta binne mu."

"In sa wa uwata muryar jaki?"

"Ai gara jaki mai tafiya da uwar da ke kwance kan duwatsu!"

Aka yi dariya, har da Orestes, amma tasa ba ta kai ciki ba. Wani ya ce akwai Pontiac a Colón da mai ita ya mutu. Orestes ya hau bayan babbar mota ya je, ya tarar kaji ke kwana a ciki, injin kuwa an daɗe da kai shi gona yana jan ruwa. Wani ya ce a Santa Clara akwai tsoho mai ɗaki cike da kayan Amurka. Ya je, ya tarar jikokin tsohon sun sayar da komai a kilo. Haka ya yi ta bin jita-jita har damina ta shiga ta fita, yana dawowa da ƙura a gira da hannu wofi. A gidan kuwa shinkafa da baƙin wake suka koma shinkafa kawai, sai abin da Idalmis ta aiko.

Wata ranar Lahadi ina gidan ta kira. Onelia ta jingina wayar da tulun kofi don kowa ya gani.

"Baba, na samo," in ji Idalmis. "Ta asali, ta hamsin da ɗaya, ba a taɓa ɗaura ta ba. Wani tsoho ne a wani ƙauye a jihar Georgia, ita kaɗai ta rage masa. Sai da na yi tuƙin wuni guda na je da kaina."

Orestes ya miƙe tsaye bai sani ba.

"Amma ka saurare ni, Baba. Wannan ce ta ƙarshe. In ta tashi, na yi shiru, ku zauna, ba zan sake damun ka ba. In ba ta tashi ba, ka sayar da ita ku taho. Mama ta gaji. Ni ma na gaji da nuna wa yarana kakansu a waya."

"Na yarda, 'yata," ya ce da sauri, yana dariya. "Ta asali fa kika ce? Ai kin riga kin faɗi. Ki gaya wa yaran su zo hutu, ni zan ɗauko su daga filin jirgi."

Wata mata daga cikin masu dakon kaya ta jirgi ce ta kawo ta, a tsakanin magunguna da takalman yara na wasu mutane. Ranar da ta iso unguwa ta taru kamar ana suna. Orestes ya wanke hannu da sabulu kafin ya buɗe kwalin. Tana naɗe cikin takarda mai maiƙo, ƙarfenta fes, ba tabon guduma, ba shatin magagari. Da yawanmu ba mu taɓa ganin kayan mota da ba wanda ya taɓa gyara shi ba. Cheo ma ya cire hula.

Aka ɗaga murfin inji, Orestes ya ɗora ta a mazauninta. Ba ta zauna ba. Ramukan gindinta sun kauce wa ƙusoshin da ke jira da kamar rabin faɗin yatsa. Ya juya ta, ya sake gwadawa. Haka dai.

"An cuci yarinyar nan," in ji Cheo. "Ta wata motar ce suka ba ta."

Kowa ya sa baki. Wannan ya ce a lanƙwasa ƙusoshin, wancan ya ce a huda sababbin ramuka. Onelia ce kaɗai ta ce daga bakin ƙofa, "Tsoho, ka mayar da ita kwali. Ka kira yarinyar ta tambayi mutumin da ya sayar mata."

"In tambayi Ba'amurke yadda zan gyara motar ubana? Tsohuwa, shiga ki dafa wa mutane kofi." Ya juya kafiretar a hannu kamar yadda ya saba juya kowane ƙarfe, ya ce, "Ba ta shiga ba tukuna."

Ya ɗauko magagari.

Ba wanda ya hana shi, don a wurinmu ba wani abin mamaki ba ne. Mun shekara sittin duk abin da ya zo hannunmu sai an goge shi kafin ya shiga. Tun hantsi yake gugar ramukan nan yana faɗaɗa su, garin ƙarfe na zuba a kan takalminsa, har rana ta karkata. Aiki ne mai kyau, na rantse, ko'ina sumul. Ta zauna. Ya sa noti na farko ya ɗaure. Ya sa na biyu, ya ja sifana, ya ƙara ja kaɗan don kada iska ta shiga.

Ƙas!

Ƙarar ba ta fi ta fasa gyaɗa ba, amma duk wanda ke wurin ya ji ta. Gindin da ya sirance saboda guga ya tsage tun daga rami har wuya. Washegari ya kai wa mai walda. Da wuta ta taɓa ta sai wuyan ya karkace, harshen da ke buɗe wa iska hanya ya cije. Ya dawo da ita cikin kwalinta.

Da abin ya tsaya nan, da sai mu ce Cheo ya yi gaskiya, an aiko da ta wata mota, ƙaddara ce. Amma bayan 'yan kwanaki, da safe, na ga Orestes ya sunkuya a kan injin yana kankare mazaunin, wai ko ta Rashar za ta yarda ta koma. Fenti ne a wurin hawa-hawa, na shekaru, da baƙin mai da ya daskare. Yana cikin kankara sai ya tsaya.

"Maƙwabci, zo ka gani. Wannan layin mene ne?"

Wani siririn layi ne ya zagaye mazaunin. Ya sa kurfi ya ƙwanƙwasa a hankali, dalma ta faɗo, kawunan sukurori biyu suka bayyana. Ya kwance su. Sai ga fallen ƙarfe mai kaurin yatsa ya ɗago a hannunsa. Ashe abin da ya ɗauka jikin inji ne tun yana saurayi, ƙari ne. Don Anselmo ne ya ƙera shi lokacin da ɗansa ke soja, don kafiretar Rasha ta sami wurin zama, ya yi masa aikin da ko ido ba ya rabewa.

A ƙarƙashin fallen ga ramukan asali. Tsohon bai huda su ba, bai cike su da walda ba kamar yadda kowa zai yi. Toshiyar kwalba ya yanka ya cusa a kowanne, ya shafe da girisi. Orestes ya zaro toshiyar da bakin waya, zaren ramin yana ƙyalli kamar jiya aka yanka shi.

Ya shiga gida ya ɗauko fasasshiyar kafiretar, ya ɗora. Ta zauna daram. Inda ramukanta suke kafin magagari ya taɓa su, nan ramukan injin suke, ko gashi ba zai ratsa ba.

Can ya ce, ba ni yake wa magana ba, "Kullum Baba yana cewa wata rana kayan gaske za su dawo. Na ɗauka surutun tsufa ne."

Ranar Lahadi Idalmis ta kira. "Baba, ta tashi?" Onelia ta dubi mijinta. Da ya so da ya ce an aiko da wadda ba ita ba, duk unguwa za ta shaide shi, har Cheo. Ya ce, "Daidai kika aiko, 'yata. Ni ne. Ki ci gaba da takardun." Ta fashe da kuka, ita da ta yi nasara. Shi ya tashi ya fita.

Wani matashi mai suna Yusniel, mai ɗaukar 'yan yawon buɗe ido a Varadero, shi ya saye ta. Ranar da ya zo ɗauka ba a sami motar ja ba, sai keken doki aka ɗaura mata da igiya. Orestes ya shiga ya riƙe sitiyari har ƙarshen layi, doki na gaba yana tafiyarsa, yara na bi suna ihu. A kwana ya fito ya rufe ƙofar a hankali, ya dawo da ƙafa. Cheo yana tsaye a bakin titi, ranar bai tsokani kowa ba.

Sun tafi kafin ƙarshen shekara. Onelia ta yi ƙiba, na gani a hoto. Orestes kuwa yana zaune a gefen taga a wani bene, yana kallon motocin da ba mai buɗe murfinsu.

Chela tana nan. Ta koma ruwan hoda, an yanke mata rufi, an dasa mata injin dizal, kana jin ta tun daga nesa tana tari. Nata injin yana yashe a bayan gidan Yusniel, na leƙa na gani. Ba wanda ya mayar da toshiyar. Ramukan da Don Anselmo ya tsare tsawon shekarun nan sun cika da ruwan sama, sun yi ja da tsatsa.

Shekaranjiya ya aiko mini da saƙon murya. Bai tambayi gida ba, bai tambayi Cheo ba. Cewa ya yi, "Maƙwabci, kana ganin ta kuwa? Yaron nan ya samo mata kafireta? Yaya numfashinta?"

Har yanzu ban amsa ba. Kai da ka zauna ka ji duka, me zan ce masa?