Alamomin Baba a Littafin Awo

Babana tela ne a unguwar Wunti, kuma tun kafin a haife ni yake da littafin awo. Duk mai kawo ɗinki yana da shafinsa: tsawo, hannu, wuya, kafaɗa. Baba bai yarda da ƙwaƙwalwa ba, abin da ke rubuce shi yake yankawa. A gefen lambobin yana da wasu alamomi nasa na kansa. In ya zana <, a rage wajen ke nan. In ya zana >, a saki. Ni a lokacin ban san ma'anarsu ba, ban kuma tambaya ba.

Da idonsa ya fara rauni, sai ya koma kai littafin har bakin hancinsa. Na gama karatun kwamfuta ke nan, ina ta rawar kai, na haɗa masa 'yar manhaja a tsohuwar kwamfutata, wadda za ta nuna awon mutum da manyan baƙaƙe. Kowace Asabar in hau keke daga unguwar Gwallameji, in zauna a bencin shago ina kwafe shafuka, keken ɗinki na ta sururu, shi kuma yana tsokanata wai Uwata ta zama sakatariya. Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Na ji daɗin ranakun nan ƙwarai.

Ranar da na gama, fayil ɗin da na adana awon a ciki ya ƙi buɗuwa. Shi ma da alamomi biyu irin na Baba yake gane inda bayani ya fara da inda ya ƙare, to da ya ci karo da na Baba a tsakiyar awo sai ya rikice, ya tsaya cak. Na san gyaran da ya dace, an koya mana. Son jiki ne ya hana ni. Na ce ai kwalliyar tsoho ce, na sa manhajar ta share su duk inda ta gan su. Nan take komai ya buɗe, na koma gida ina yabon kaina.

Bayan mako biyu wani tsohon malamin makaranta, wanda Baba ya shekara da shekaru yana yi wa ɗinki, ya dawo da kaftaninsa. Tun da ya faɗi a babur kafaɗarsa ta hagu ta sauka, kullum sai an rage masa wajen. Wannan karon rigar ta zo masa a karkace. Bai yi faɗa ba, ya ajiye ta ya tafi.

Da na zo ranar Asabar, na iske Baba ya naɗe almakashinsa a ƙyalle.

"Uwata, ido ya gama aiki," ya ce. "Sau uku na duba allon kwamfutar nan ban ga alamar ba. Wanda ba ya ganin alama bai kamata ya taɓa shaddar mutane ba."

Da na yi shiru, da ya bar sana'arsa ke nan a kan laifina.

"Baba, ba idonka ba ne. Alamar ce babu. Ni na share ta."

Ya fashe da dariya har da tari. "Ashe sakatariyar ce ba ta gani!"

A yinin na yi abin da ya kamata tun farko. Duk alamar da aka shigar, manhajar za ta musanya ta da wasu baƙaƙen da ba sa rikita fayil kafin ta adana, in an zo nunawa ta dawo da ita yadda take. Na ce masa kamar a soke allura a ƙyalle ne kafin a jefa ta aljihu, ya gyaɗa kai. Asabar uku na sake bin littafin shafi-shafi, wannan karon ina tambayarsa kowane zane.

Shafin malamin na buɗe masa a ƙarshe. Alamar na nan gefen kafaɗar hagu, ta kusa kai tafin hannu girma. Baba ya hango ta daga inda yake zaune. Ya warware ƙyallen almakashi, ya ce in miƙo masa alli.